Fitowar bas ta zauna, sauran lasifika

'Yan'uwa masu koyar da yara wasan kwaikwayo, jiya da la'asar fitowar nan da ta hana ni barci ta zauna daram. Har yanzu bakina bai rufu ba.

Labarin Rosa Parks muke shiryawa, matar nan mai ɗinki da ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a bas a garin Montgomery na Amurka, a Disambar 1955. Benci biyu ne bas ɗinmu, wannan ba matsala. Matsalar yarinyar da ke fitowa a Rosa ce. Da direba ya daka mata tsawa sai ta miƙe ta kama ƙugu, sauran yara su ɗauki shewa. Na ce ta zauna ta yi shiru, sai ta sunkuyar da kai kamar marainiya, wani yaro daga baya ya ce ai tsoro ta ji. To, ko masifa ko ragwanci, tsakiyar ta gagara. Alhali ita muke son yaran Maradi su gani: mutum ya ƙi zalunci bai ɗaga hannu ba, bai kuma rusuna ba. Na sauya mata kalmomi har na gaji, na rage wa direban faɗa, duk a banza.

Wata malama da ke taimaka mana ce ta warware. Ta ce da ita: "'Yata, ki ɗauka Bazabarme ne ya zo Tibiri yana ce miki baiwarsa. Ya Bagobira take kallonsa?" Shi ke nan! Yarinya ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta dube shi ido cikin ido, ba gaba ba tsoro. Ɗakin ya yi tsit. Taubasantakar da muka tashi a cikinta ta yi abin da bayanina ya kasa.

Fitowar ƙaurace wa bas, wadda baƙaƙen garin suka yi fiye da shekara suna takawa a ƙasa, ba mu taɓa ta ba tukuna, ga 2 ga Oktoba, ranar ƙin tashin hankali ta duniya, tana matsowa.

Lasifika kuwa ta ci mini jaka biyar haya, ƙara kawai take kamar injin niƙa. Wanda ya san mai ta kirki wajen babbar kasuwa ya taimaka ya faɗa mini kafin Asabar.