Godiya ga duk wanda ya sa hannu a kallon sallar gidanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, barkanmu da sallah, Allah Ya karɓi layyarmu Ya maimaita mana. Baƙi sun watse, tukwanen aro an wanke an mayar wa masu su, sai yau na samu zama in rubuta wannan godiyar a madadin Hajiyarmu da duk 'ya'yan marigayi Baba a nan Garwa. Kamata ya yi in bi ku gida-gida in durƙusa in yi godiya amma wallahi kuna da yawa, wasunku ma sun riga sun kama hanyar Marwa da Yawunde, shi ya sa na ce bari in saka a nan Facebook, wanda ya gani don Allah ya karanta wa wanda bai gani ba.

Mutane da yawa sun tambaye ni a daren, wai wannan kallon na rana ta uku daga ina ya samo asali. To ga shi. Tun muna ƙanana tsarin babbar sallah a gidanmu ɗaya ne ba ya canzawa, ranar farko idi, a dawo a yi yanka a aika wa dangi da maƙwabta kasonsu, yara su tafi ƙofar fadar Lamiɗo kallon dawakai da masu algaita. Rana ta biyu ta suya ce, daga safe har dare hayaƙi da ƙamshi. Rana ta uku kuwa ta Baba ce, Allah Ya jiƙansa, zai saka rigarsa ta sallah ya tara duk yara maza na gida har da na maƙwabta da almajiran da ke mana aike, ya tasa su gaba sai sinimar Ribadu su kalli sabon fim, yawanci na Indiya ko na 'yan karate. Shi kansa ba kallon ne ya dame shi ba, cewa yake gara ya kai su da kansa ya zauna kusa da su, da su saci jiki su tafi da abokan banza.

Mu mata ba a kai mu. A lokacin a ce an ga 'yar gidan mutunci a ƙofar sinima ai magana ce da za ta zaga unguwa kafin gari ya waye. Namu kallon sai sun dawo, Yaya babba ya tsaya tsakar gida yana ba da labarin fim ɗin tun daga farko, ya yi muryar jarumi ya yi ta mugun, ya ɗaure zanin Hajiya ya yi rawar, ƙannensa na ta katse shi suna cewa a'a ba haka aka yi ba ka tsallake wurin jirgin ƙasa. Hajiya na gefe tana tsame nama daga kasko, ita tambayarta ɗaya ce kullum: to a ƙarshe ya aure ta ko bai aure ta ba? Mu da wannan muka tashi kuma har yau ina jin daɗin tuna shi.

Daga baya kaset ya shigo, gidajen kallon bidiyo suka cika unguwanni, sai CD ɗin kasuwa mai arha, mutane suka daina zuwa, sinimarmu ta mutu. Ba mu kaɗai ba ne, a watan Janairun 2009 aka rufe guda ukun da suka rage a duk faɗin Kamaru, Abbia ta Yawunde da Wouri ta Duwala da Empire ta Bafusam. Baba bai bar al'adar ta tafi da su ba, ya koma yana sa a kawo masa sababbin finafinan Kano kafin sallah mu taru a falo maza da mata, tsofaffi a kujera yara a ƙasa. Bayan rasuwarsa ne abin ya fara sanyi, kowa ya samu waya a hannu, a zo sallah a ci nama sai ka ga kowa ya kama lungunsa da abin ji a kunne, wannan na kan YouTube wancan na TikTok. Bara Hajiya ta dube mu ta ce gida cike da mutane amma shiru kamar ana zaman makoki. Maganar nan ta tsaya mana a rai, ita ce ta sa bana muka ce tunda babu sinimar da za mu kai yara, mu kawo ta tsakar gida.

Godiya ta farko bayan ta Allah ga ƙanina mai safarar kaya tsakanin Kano da nan. Shi ya ɗauki nauyin neman fim, ya ce ba zai je wurin masu tura wa a waya ya karɓo na sata ba, ya bi ta hannun abokansa har ya samu mai fim ɗin da kansa, ya gaya masa iyali ne da maƙwabta za su kalla ba kuɗin ƙofa za a karɓa ba, ya biya shi aka ba shi izini. Wasu sun ce ai da an jira kwana kaɗan za a same shi a banza. Ni dai ina bayan ƙanina ɗari bisa ɗari, mutanen nan sun zuba kuɗinsu da guminsu, idan mu da muke son abin ba mu biya ba gobe wa zai ƙara yi mana? Kuma fim ɗin da ya zaɓo mai tsabta ne, labarin zaman gidan gado, babu wurin da za ka ji kunya don surukarka na zaune. Allah Ya ƙara buɗi ƙanina, Ya tsare ka a hanya.

Sai yaron nan mai gidan kallon ƙwallo na bakin kasuwa. Majiginsa ne, wanda ya saya tun lokacin gasar kofin Afirka da aka buga wasu wasanninta a filin Rumde Ajiya a farkon 2022, da lasifikarsa da wayoyinsa duk ya ɗauro a moto ya kawo, ya rufe shagonsa a daren da ya fi samun ciniki. Da muka miƙa masa kuɗi sai ya ce shi ma yana cikin yaran da Baba yake saya wa alawa a ƙofar masallaci, ba zai karɓa ba. Ɗana, ba mu da abin biyanka, Allah Ya biya ka. Haka telan unguwarmu, mutumin da ya kwana da kwanaki bai runtsa ba saboda ɗinkin sallah amma ya sake hawa keke ya haɗa mana farin yadi ya yi masa kalmasa da maɗauri a kowace kusurwa, muka ɗaure tsakanin dogonyaron tsakar gida da ginshiƙin baranda. Mun gode Malam.

Mun gode wa Jauron unguwa da Liman, mun je mun gaya musu tun kafin sallah suka sa albarka, Liman ya ce a bari sai an idar da isha'i a fara kuma a raba wurin zama, maza gefe mata gefe yara a gaba, haka aka yi.

To sai ga abin da ya sa lallai na ce sai na rubuta. Fim ya yi nisa, an zo daidai inda ake rabon gado kowa ya yi tsit, sai iska ta taso daga gabas, wanda ya san hadarin Garwa na farkon damina ya san ba ya sallama. Kafin ka ce kwabo ƙura ta rufe gidan, igiya ɗaya ta tsinke yadin ya naɗe a reshe, wuta ta ɗauke, yara suka sa kuka, ga tsofaffi zaune a tabarma ga kayan mutane na lantarki a fili. Ni zuciyata majigin yaron nan take tunani, da shi yake ci da iyayensa. Samarin unguwa, ban san ma wa zan fara ambata ba, ɗaya ya cire babbar rigarsa ta sallah sabuwa dal ya lulluɓe majigin ya rungume ya ruga da shi ɗaki, wasu suka kama tamfol suka yi wa tsofaffi rumfa da hannuwansu har aka shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ruwa na dukansu ba wanda ya saki. Iyayen da suka haife ku Allah Ya saka musu da alheri.

Mun riga mun ce shi ke nan sai wata shekara, sai ga maƙwabcinmu malamin makaranta, mutumin kudu ne Kirista, shekara da shekaru muna aika masa naman layya shi ma matarsa na aiko mana da abinci ranar Kirsimeti. Ya zo da tocila ya ce a kwaso komai a koma garejinsa, ya fitar da motarsa cikin ruwa ya tada janareta, matarsa ta kwaso tabarmi da zannuwa ta rarraba wa yaran da suka jiƙe. A farin bangon garejin aka ƙarasa fim ɗin, an matsu ƙwarai, wasu a tsaye a bakin ƙofa, ƙarar ruwa a kan kwano na neman danne lasifika amma ba wanda ya tafi gida. Maƙwabci, kai da Madam mun gode, mun gode, Allah Ya bar zumunci Ya raya muku zuri'a.

Hajiyarmu ba ta taɓa ganin hoto mai girma haka ba a rayuwarta. An sa mata kujera a gaba, ƙaramar jikarta na kan cinyarta, carbi a hannu amma ya tsaya ba ta ja. Da aka nuno fuskar tsohuwar cikin fim ɗin ta cika bango tana hawaye, sai na ga Hajiya ta ɗan ja baya sannan ta matso, ta kama hannun Yaya babba ta ce ashe haka kuke gani lokacin Malam, kai kuma ka zo ka ba mu rabi. Yaya ya yi dariya ya juya yana goge ido da hularsa. Duk wanda ya ba da ko sefa ɗari a wannan hidimar, yana da lada a wannan dariyar.

Ban manta da masu kicin ba. Gwaggo da matan yayyena da ƙawayena na islamiyya, tun ranar suya ba ku zauna ba, ga dambun nama ga cincin da dubulan ga zoɓo da kunun tsamiya da aka sanyaya tun safe, kuma ku ne kuka tashi wanke-wanke washegari. Gwaggo godiyarki biyu ce, don ke kika zauna tsakiyar maƙwabtanmu Fulani kina juya musu maganar fim ɗin da Fillanci a hankali har suka fi mu shiga cikin labarin.

Waɗanda suka yi tafiya saboda wannan, sannunku da hanya. Ƙanwata da mijinta sun taso daga Yawunde da yara, suka kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan suka bi motar ajans zuwa nan, wanda ya san hanyar ya san ba ƙaramin abu ba ne da goyo. Yaranta Faransanci ya fi yawa a bakinsu, sun saba da shiga sinima irin ta zamani don can an buɗe CanalOlympia a Yawunde a 2016 da ta Duwala a 2017, na yi zaton za su raina tamu, sai ga su washegari suna ta maimaita maganganun fim ɗin da Hausa suna tambayar kakarsu ma'anar karin maganar da suka ji. Kawu na Marwa da iyalinsa, 'yan uwanmu na Kuseri, da ɗan Baffa da ya tsallako daga Injamena, Allah Ya mayar da ku gida lafiya. Waɗanda ba su samu zuwa ba amma suka turo gudummawa ta Orange Money, mai dubu biyu mai dubu biyar, duk ta iso kuma ta yi amfani, da ita aka sayi mai da kankara aka yi hayar kujeru.

Ɗan Baffa ne ma yake ba mu labarin yadda a Injamena aka gyara tsohuwar sinimar Normandie aka sake buɗe ta a 2011 bayan ta daɗe a rufe. Shi ne nake kira ga masu hali na garin nan, kuna gina otal da gidajen biki, a samu mutum ɗaya ya ware zaure mai kyau da tsaro, gefen mata daban, a riƙa nuna finafinan da iyali za su iya kallo ko da a sallah biyu ne da hutun makaranta. Yawan mutanen da na gani tsaye a ƙofar garejin nan cikin ruwa ya isa shaida ba za a yi asara ba.

Badi in Allah Ya kai mu da rai da lafiya za a sake, Yaya babba ya ce za a fara tara kuɗin tun bayan azumi kuma a tanadi wuri mai rufi tun farko. Sannan akwai kayan da aka bari a gidan maƙwabci, takalmin yaro ƙafa ɗaya, mayafi ruwan toka, murfin kula babba da cajar waya, duk suna wurin Hajiya, mai su ya aiko a karɓa. Saurayin da ya lulluɓe majigi da rigarsa kuma don Allah ka biyo ta gida, an wanke an goge, Hajiya na son ta miƙa maka da hannunta.