Zaman Arha a Jambiani: Yoga da Tekun da Ke Bin Wata

Yawancin masu shirya zaman yoga (motsa jiki da horon numfashi) a tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya suna sayar da shi ne a dunƙule, wato ɗaki da abinci da darasi a farashi ɗaya da dalar Amurka, kuma an yanka farashin ne daidai aljihun Turawan da ke gudun sanyin ƙasashensu. Ni da ciwon baya na zaman ofis ya kai ni, kuma da naira nake samun albashi, sai na raba abin gida biyu: na biya kuɗin darasin safe da na yamma kaɗai, sannan na kama ɗaki a cikin ƙauyen Jambiani, a bayan layin otal-otal ɗin da suka tare bakin teku. Ɗakin ba shi da komai sai gado da gidan sauro da fanka, ruwan wankansa yana da ɗanɗanon gishiri, wuta kuma takan ɗauke ba sallama, amma 'yan mintoci nake takawa in isa rairayin da masu biyan ninkin kuɗina suke takawa.

Akwai kuɗaɗen da babu dabarar da za ta rage su. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira amincewar hukumar shige da fice, kuma tun watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar dala 44. Daga nan kuwa, sauran abin da mutum zai kashe yana hannunsa.

Darasin kansa a wata rumfar ganyen kwakwa ake yin sa, jim kaɗan bayan sallar asuba, lokacin da rana ke fitowa daga cikin teku, domin Jambiani na gabar gabas ta Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Na ɗauke shi a matsayin motsa jiki da horon numfashi, idan aka zo rera kalmomin da suka samo asali daga addinin Hindu sai in yi shiru, malamar kuma ba ta taɓa tambayata dalili ba. Bayana ya saki, barcina ya gyaru, kuma iyakar abin da na je nema ke nan.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne yadda teku ke tsara wa ƙauyen yininsa. A wannan gabar ruwa yana janyewa sau biyu a kowane yini da dare, yana komawa can nesa wajen katangar murjani, ya bar fili fari fat wanda za a iya takawa a ciki fiye da kilomita guda. Kowace rana janyewar tana jinkirta da kusan minti 50, kuma ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, saboda haka mutanen Jambiani suna lissafin kwanan wata ne don neman abinci, ba don azumi da salla kaɗai ba. Da ruwa ya janye za ka ga mata sun shiga filin da zannuwansu da kallabinsu, suna zaune cikin ruwa iya ƙugu, suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka ja tsakanin turaku. Noman nan ya fara ne a ƙauyukan Paje da Jambiani a wajajen 1989, ana girbe shi bayan kimanin mako shida, a shanya, a sayar wa 'yan kasuwa da ke fitar da shi waje, inda ake tatsar wani sinadari mai kauri da ake sawa a man goge baki da askirim. Aiki ne mai cin baya da idanu, farashin busasshiyar ciyawar ba ya taka kara ya karya, ɗumamar ruwa kuma tana ruɓar da irin da ya fi daraja. Ban ji daɗin yadda wasu abokan darasina suke tsayawa a kan matan nan da tufafin wanka suna ɗaukar su hoto ba tare da ko gaisuwa ba, alhali ƙauyen na Musulmi ne, kuma hukuma ta sha roƙon baƙi su suturta jikinsu idan sun bar bakin ruwa.

Abinci ne wurin da arha ta fi bayyana. Lokacin da na je, a gidajen cin abincin bakin teku ana rubuta farashi da dala, amma a cikin gari, inda masunta da masu gini suke ci, da shilin ake biya, kuma abincin ya fi daɗi nesa ba kusa ba: shinkafa dafa-duka mai kanumfari da kirfa, wake da madarar kwakwa, kifin da aka kamo da safe, da dankalin Turawa soyayye haɗe da ƙwai wanda suke kira chipsi mayai. Da yamma dattawa na zama a dakali suna shan baƙin gahawa a ƙananan kofuna, kuma sallama kaɗai ta isa a matsa maka wuri.

Tsakanin darasin safe da na yamma nakan fita yawo a daladala, motar haya da ake cusa mutane da buhuna da kaji kamar motar ranar kasuwar ƙauye, a kuɗin da bai kai ko kusa da na tasi ba. A kan hanyar zuwa birni akwai dajin Jozani, mazaunin jan birin da ba a samun irinsa a ko'ina sai Zanzibar. Tsohon birnin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, yana buƙatar yini guda cur, saboda lungunansa da ƙofofinsa na sassaƙa da kuma cocin da aka gina a filin kasuwar bayi bayan an rufe ta a 1873. Duk da haka, wurin da ya fi zauna mini a rai shi ne Kizimkazi, a kudancin tsibirin. Baƙi na tururuwa can ne don jiragen ruwa su kai su su bi kifin dolfin a guje, abin da na ga ya fi kama da farauta, don haka na ƙi shiga. Na wuce ƙaramin masallacin Kizimkazi Dimbani, wanda tsohon rubutun Larabci na Kufi da ke jikin mihrabinsa yake ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, kuma har yau mutanen ƙauyen suna salla a cikinsa.

Wanda zai bi wannan hanya ya duba lokaci. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, farashin ɗakuna yana faɗuwa warwas, amma wasu wuraren darasin suna rufewa. Disamba da Janairu kuma farashi ya kai ƙololuwa. Watan Yuni, da kuma Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sun fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, kuma a lokacin mai ɗaki yakan saurari ciniki idan ya ji za a daɗe. A kuma taho da takalmin roba mai kaurin ƙasa, domin filin da ruwa ke janyewa ya bari cike yake da wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da ke karyewa a cikin tafin ƙafa.