Abin da Na Koya Game da Kuɗin Horar da Masu Binciken Laifuka

Na shafe shekaru ina aiki a sashen da ke tsara kasafin kuɗin horo na wata rundunar 'yan sanda, kuma a farkon zuwana da yawan jami'an da muka tura kwas nake auna nasararmu. Idan shekara ta ƙare, sai mu rubuta adadin waɗanda suka dawo da takardar shaida, shugabanni su sa hannu, kowa ya ji cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Abin da ya sauya mini tunani shi ne ziyarar da na kai ofishin wani sufeto, watanni kaɗan bayan ya dawo daga kwas na ƙwarewa a kan ciro bayanai daga wayoyin salula.

Na tarar da wayoyi jere a kan wata kanta, kowace a cikin ambulan ɗinta da lambar ƙara a rubuce, wasu har ƙura ta fara rufe su. Na'urar da aka koya masa aiki da ita tana gefe, an lulluɓe ta da ƙyalle. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, lasisin manhajar ya ƙare, kuma an ce mini babu gurbinsa a kasafin bana." Irin waɗannan manhajoji sabunta su ake yi lokaci bayan lokaci, domin kamfanonin waya kullum suna ƙara ƙarfin makullansu, kuma manhajar bara ba lallai ta buɗe wayar bana ba. Mu da muka biya kuɗin kwas da na jirgi da na masauki, babu wanda ya tuna da wannan a cikinmu. Kafin a samo kuɗin, an yi wa sufeton canjin wurin aiki zuwa wani sashe da ba ruwansa da bincike. Kowace waya a kan wannan kanta tana da wani mutum a bayanta, ko wanda aka cuta yana jiran a bi masa haƙƙinsa, ko wanda ke tsare yana jiran a wanke shi, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Tun daga ranar na gane cewa kuɗin shiga aji shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da horo yake ci. Akwai kayan aiki da gyaransu, akwai albashin wanda zai riƙe ayyukan jami'in yayin da yake karatu, akwai kwas na tunatarwa bayan wani lokaci, sannan akwai alkawarin da dole shugabanni su ɗauka cewa za a bar mutum a bakin aikin da aka horar da shi a kai na wasu shekaru. Duk takardar neman kuɗi da ba ta ƙunshi waɗannan ba, an yi ne ba a yi ba.

Zama a kotu ya ƙara buɗe mini ido. Na ga ƙarar da mai bincike ya sha wahala a kanta ta fara tangal-tangal saboda tambaya ɗaya daga lauyan wanda ake tuhuma: tsakanin ranar da aka ɗauko kwamfutar da ranar da ta isa ɗakin gwaje-gwaje, a hannun wa take? Takardar da ya kamata ta nuna sa hannun duk wanda ya karɓa da wanda ya miƙa tana da giɓi, kuma an kunna kwamfutar kafin a kwafe abin da ke cikinta. Wanda ya samu horo mai kyau ya san cewa ana haɗa faifan ajiya ne da na'urar da ke hana a rubuta komai a kansa, a ɗauki kwafi, a fitar da lambar lissafi wadda za ta sauya idan an taɓa ko da harafi ɗaya, sannan a yi aiki a kan kwafin. Sai dai ƙwararren ba shi ne yake fara isa wurin da aka aikata laifi ba. Ƙaramin ɗan sanda ne yake fara isa, kuma idan shi bai san abin da zai taɓa da wanda zai bari ba, ilimin ƙwararren ba shi da abin da zai tsinana. Saboda haka na riƙa dagewa a ware wani kaso na kuɗin domin waɗanda suka dawo daga babban kwas su koyar da na ƙasa da su.

Wani abin da na lura da shi shi ne masu ba da kuɗi, na gwamnati ne ko na ƙungiyoyin taimako, sun fi son abin da za a gani da ido a ranar ƙaddamarwa, kamar na'ura ko sabon ɗakin gwaji. Horon yi wa mutane tambayoyi ba ya burge kowa, alhali kuwa shi ne mafi araha kuma shi mai bincike yake amfani da shi kullum. A Ingila da Wales, wata doka ta 1984 ta tsara yadda ake tsare wanda ake tuhuma da yi masa tambayoyi, aka kuma shigo da naɗar muryar zaman, sannan a 1992 aka fito da tsarin PEACE, wanda ke koya wa jami'i ya shirya tun kafin ya shiga ɗaki, ya bar mutum ya ba da labarinsa da bakinsa, daga baya ya gwada shi da hujjojin da ke hannu. Ka'idojin Mendez, wasu ka'idojin ƙasa da ƙasa na yi wa mutane tambayoyi da aka fitar a 2021, a kan wannan turba suke, wato neman sahihin bayani maimakon tilasta wa mutum ya amsa laifi. Duk lokacin da aka tambaye ni amfanin wannan, nakan tuna cewa bayan Alec Jeffreys ya gano hanyar tantance mutum ta ƙwayoyin halittarsa a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984, amfanin farko da aka yi da ita a binciken kisa a 1986 shi ne wanke wani matashi da ya riga ya amsa laifin da bai aikata ba.

Shugabannin bincike ma suna bukatar nasu horon, kuma su aka fi mantawa da su. Peter Sutcliffe, wanda ya kashe mata 13 a arewacin Ingila kafin a kama shi a Janairun 1981, sau tara 'yan sanda suka yi masa tambayoyi suka sake shi, domin bayanan sun yi wa katunan takarda da ake adana su a kai yawa, kuma jagororin binciken sun kafe a kan wata muryar kaset ta wani mai cewa shi ne makashin, wadda daga baya ta tabbata ta bogi ce. Bayan rahoton Byford, wanda ya duba kurakuran wannan binciken, aka samar da tsarin kwamfuta na HOLMES domin sarrafa manyan bincike. Hazaƙar jami'ai ba ta isa ba idan wanda ke jan ragama bai iya tsara bayanai da sake duba zatonsa ba.

Mafi wuyar faɗa shi ne batun zaɓen wanda zai tafi. Kwas na ƙasar waje yana zuwa da alawus da daraja, don haka alfarma takan shigo, a tura wanda ya kusa ritaya ko wanda bai taɓa riƙe fayil ɗin bincike ba, a bar wanda yake kwana a kan aikin. Na sha jin zafin wannan, kuma abin da na ga ya rage shi kawai shi ne rubuta sharuɗɗa tun kafin a san sunayen masu nema: shekarun da mutum ya yi a bincike, irin ƙararrakin da ke hannunsa, da sauran shekarun da suka rage masa a aiki.

A takardar neman kuɗi ta ƙarshe da na rubuta kafin in bar sashen, na rage yawan waɗanda za a tura, na mayar da rarar a kan sabunta lasisi na shekaru uku da kwas na tunatarwa da kayan koyarwa na cikin gida. Wani babba ya kira ni ya ce adadin ya yi kaɗan, ba zai yi kyau a rahoton shekara ba. Na ba shi labarin wayoyin da na gani a kan kanta, na kuma roƙe shi ya bari a ƙara shafi ɗaya a rahoton, wanda zai nuna inda kowane jami'in da muka horar yake aiki bayan shekara biyu, da ƙararraki nawa ya kai gaban alƙali. Ya ɗan yi shiru, sannan ya sa hannu.