Gwangwanin maigidana da awon fili a cikin marka

Duk shekara idan damina ta kankama a Damagaram, aiki yakan ragu a ɗan ofishinmu na awon filaye da gonaki, alhali a lokacin ne rigingimun iyaka suke ƙaruwa, tunda sai an yi shuka ake gane wanda ya zarce da layinsa cikin gonar maƙwabci. Abin da ke rage aikin wata magana ce da ta zauna a zukatan jama'a, wai na'urar GPS, wadda ke gano wuri ta hanyar saƙon taurarin ɗan'adam, ba ta gani idan akwai hadari. Kwanan baya wani dattijo da ya zo daga Mirriya a kan rabon gonar gado ya ce mini: "Yaro, mu bari sai kaka, domin ko talabijin ɗin gidana da zarar hadari ya haɗo sai hoton ya ɗauke, balle wannan ɗan abin da ka ɗora a kan sanda." Na ce masa: "Baba, ka yi gaskiya a kan talabijin, amma na'urarmu ba a wannan zango take sauraro ba."

Kwandon tauraron ɗan'adam da ke kan rufin gida yana karɓar saƙo a zango mai tsananin sauri, wajen gigahaz 11 zuwa 12, inda tsawon igiyar saƙon bai kai santimita uku ba, saboda haka ɗigon ruwa yake iya shanye shi ya warwatsa shi. Babban saƙon GPS kuwa yana zuwa a megahaz 1575.42, wato kusan gigahaz ɗaya da rabi kawai, igiyarsa kusan santimita 19, kuma ɗigon ruwa ya yi ƙanƙanta ƙwarai da ya tare ta. Saƙon yakan taso daga taurarin da ke nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, ya ratsa gajimare da ruwan marka ya iso hannunmu bai raunana wani abin a-zo-a-gani ba, domin sojojin Amurka da suka gina tsarin sun gina shi ne don ya yi aiki a kowane yanayi. Abin da danshin iska ke yi shi ne ya ɗan jinkirta saƙon, jinkirin da zai iya zama kuskuren ƴan santimitoci, ko ya fi haka ga tauraron da ya yi ƙasa kusa da bangon duniya. Mai neman hanya ba zai ma lura da shi ba, mu kuma da muke aikin santimita muna da hanyar kawar da shi.

Ban koyi wannan a littafi ba, a hannun maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, kuma ta hanyar da a lokacin na ɗauka wahalarwa ce kawai. Yakan ɗauki gwangwanin madara da babu komai a ciki, ya sa takarda mai ɗauke da sa hannunsa, ya je ya ɓoye a cikin duwatsun da ke kewaye da unguwar Birni ko a wata gona a hanyar Tanut, sannan ya dawo ya rubuta mini lambobin wurin, wato waɗanda GPS ke nuna matsayinsa da su, a bayan ambulan, ya miƙa mini ƴar na'urar Garmin ɗinsa mai launin ɗorawa, ya ce kada in dawo sai da gwangwanin. Sai daga baya na gane cewa wasa ne da ake yi a duniya, wanda Turawa ke kira jiyokashin: mutum ya ɓoye ƴar ajiya tare da ɗan littafin sa hannu, ya wallafa lambobin wurin a intanet, wasu su bi sawu da GPS su nemo, su rubuta sunansu su mayar da ita. Wasan ya faro ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka a zamanin Bill Clinton ta daina gurɓata saƙon da farar hula ke karɓa, wanda kafin nan yakan kauce da kusan mita 100. Washegari wani mutum a jihar Oregon ya binne bokiti a gefen daji ya sanar da lambobinsa, don a gwada ko na'urorin sun gyaru da gaske. Maigidana ya mayar da wasan makaranta, kuma ya fi son ya aike ni a watan Agusta.

Ranar da ba zan manta ba, holoƙo ya taso daga gabas ina tsakiyar nema, ƙura ta rufe gari, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na ruga na fake a ƙarƙashin wani ƙaton bedi da ke jingine da dutse, ina kallon kibiyar na'urar tana nuna gabas, ta koma kudu, tazarar da ta ce mita 6 ta zama 25 ba tare da na motsa ƙafa ba. Na koma gida a jiƙe, hannu wofi, na ce masa ruwa ya rikita na'urar. Bai ce mini komai ba sai da ya gama shan shayinsa, sannan ya tambaye ni: "A ina ka tsaya?" Da na faɗa masa sai ya ce: "To, ai ba ruwan ya rikita ta ba, kai ne ka kai ta inda ba ta ganin sama." Ya tashi muka koma tare ana yayyafi, ya tsayar da ni a fili, muka jira har lambobin suka natsu, kuma a cikin taku bakwai na ga bakin gwangwanin a wani tsagin dutse.

Abin da ya nuna mini a wannan yammacin shi ne jarin da nake ci har yau. Na'urar tana bukatar aƙalla taurari huɗu kafin ta san inda take, kuma tana son su a warwatse a sassan sama, ba a cunkushe a gefe guda ba. Ganyen da ya sha ruwa yana cinye saƙon fiye da busasshe, don haka bedi da mangwaro, waɗanda suke yin duhu a damina, su ne manyan abokan gabar mai awo, kuma duk wanda ya taɓa aiki a lambunan Mirriya ya san haka. Gawo kuwa abokinmu ne, domin shi kaɗai ne a cikin itatuwan gonakinmu yake zubar da ganyensa idan ruwa ya sauka, ya mayar da shi a rani, ta yadda turken iyakar da ke gindin gawo ya fi sauƙin aunawa a watan Agusta fiye da watan Janairu. Sai kuma duwatsun Damagaram, waɗanda suke ƙawata garin amma suke tare rabin sama, kuma saƙon yakan bugi fuskarsu ya dawo ya shiga na'urar a makare, ta ƙirga doguwar hanya a matsayin miƙaƙƙiya. Rufin kwano da katangar da ta jiƙe da ruwan da ya kwanta a ƙasa duk suna yin irin wannan madubin. Idan ruwa ya taru a kan murfin eriya shi ma yakan rage ƙarfin saƙon, shi ya sa ba na fita ba tare da tsumma a aljihu ba.

Wannan ne ya kawo ni ga masu awon waya, waɗanda suka cika gari a ƴan shekarun nan. Yaro ya sauke manhaja a wayarsa, ya sayi riga mai ƙyalli, ya ce shi ma mai awo ne, yana karɓar rabin kuɗinmu. Wayar hannu ko a fili tsaf, sama tana buɗe, kuskurenta yakan kai mita biyar, kuma fili a cikin gari wani lokaci faɗinsa duka bai wuce mita 15 ba. Idan aka fara yayyafi, ba zai yarda wayarsa ta jiƙe ba, sai ya fake a rumfar kwano ko ya rufe ta da tafin hannu da jikinsa, ya danna, ya rubuta abin da ya gani. Wasunsu ma lamba huɗu kawai suke kwafa bayan ɗigo, ba su san cewa lamba ta huɗu tana wakiltar kusan mita 11 a ƙasa ba. Na taɓa karɓar takardar wani bawan Allah a Garin Malam wadda, da na zuba lambobinta a kwamfuta, kusurwar filinsa ta faɗa tsakiyar ɗakin maƙwabcinsa, kuma ya riga ya sayi bulo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da aka je wa mai awon da maganar, sai ya ce ai ranar akwai hadari, aka kuma yarda da shi, laifin ya koma kan ruwan sama. Irin waɗannan ne suka sa dattijon Mirriya yake tsoron damina, kuma su ne suke sa mai fili ya zauna a gabana yana tayi kamar a kasuwar Dole, yana cewa wancan yaron ya ce zai yi masa a jika biyar.

Mu na'ura biyu muke fita da su. Ɗaya takan zauna a kan ƙafafunta uku bisa turken da aka riga aka san lambobinsa, ɗayar kuma tana kan sanda muna zagayawa da ita. Tunda sararin sama ɗaya ne a kansu, jinkirin da danshi ya jawo wa wannan shi ya jawo wa waccan, sai ta zaunen ta aika gyara ga ta yawon, kuskuren ya sauko zuwa santimita biyu ko uku. Na'urorin namu suna sauraron taurarin Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin ban da na Amurka, don haka ko dutse ya tare gefe guda akwai waɗanda suka rage. Kowane turke muna auna shi sau biyu a lokuta dabam-dabam, domin taurarin sun sauya wuri a tsakani, kuma idan awon biyu bai yi daidai ba ba na sa hannu. Inda turke ya faɗo a ƙarƙashin mangwaro, mukan kafa maki biyu a fili, mu ja awon zuwa gindin itacen da na'urar hange da igiyar awo, kamar yadda aka yi kafin zuwan taurari. Ina kuma tambayar tsofaffin wurin inda aguwa ko gamba ta iyaka take a da, domin kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna sauraron shaidar maƙwabta tare da lambobinmu, kuma takardar da ta saɓa wa abin da kowa ya sani ba ta daɗewa.

Abubuwa biyu ne kawai suke sa in naɗe kaya. Na farko tsawa ce, domin ba zan tsayar da ɗan mutane a tsakiyar gona riƙe da sanda mai tsawon mita biyu ana walƙiya ba, ko nawa aka biya. Na biyu kuma bai shafi ruwa ba ko kaɗan: ƙasarmu tana kusa da yankin da saman iska mai ɗauke da lantarki yake rikicewa bayan faɗuwar rana, musamman a wajejen watan Maris da Satumba zuwa Oktoba, sai saƙon ya riƙa rawa kamar hasken fitila a iska, na'urar ta kasa riƙe lissafinta ko da sama ta yi garau. Saboda haka ba ma aikin santimita bayan magariba, mun fi son sassafe, musamman washegarin ruwa, lokacin da ƙasa ta yi laushin haƙa ramin turke.

Dattijon Mirriya ya yarda daga ƙarshe, muka auna gonar tasu a wata Laraba ana yayyafi, gero ya kai ƙugu, magada bakwai suna biye da mu da buhuna a ka, muka kafa turakun siminti goma sha ɗaya kafin azahar. Yara biyu da ke koyon aiki a wurina ba su zo wannan aikin ba, domin tun da asuba na ba su ambulan da tsohuwar Garmin ɗin maigidana, gwangwanin kuma yana wani tsagi a bayan Birni, taku kaɗan daga wani bedi mai inuwa.