Daga Bonn zuwa Dresden, a kan sawun ɗigon ruwa

Ban daɗe da dawowa daga Jamus ba, kuma duk wanda ya zo yi mini sannu da zuwa sai ya sha labarin ganye da ƙarfe.

Zangon farko Bonn, lambun tsirrai na jami'a da ke jikin fadar Poppelsdorf. Farfesa Wilhelm Barthlott ya shugabanci lambun shekara da shekaru, kuma shi da Christoph Neinhuis suka wallafa bayanin sirrin ganyen lotus, wani tsiron ruwa mai kama da bado, a 1997. Wani dattijo mai kula da tsirran ya ga na daɗe a tsaye, ya barbaɗa ƙura a kan ganyen, ya yayyafa ruwa. Ruwan ya dunƙule, ya gangara, ya kwashe ƙurar, ganye ya tsaya a bushe ƙarau. Wallahi abin da ganyen gwaza ke yi ke nan da damina. Muna gani tun muna yara, amma su a nan sai da suka sa shi ƙarƙashin madubin likita suka tambaye shi dalili.

Ganyen ba santsi gare shi ba. Ƙananan ƙuraje ne birjik, kowanne lulluɓe da ƙwayoyin kakin da ido ba ya gani. Iska na maƙalewa a tsakaninsu, sai ɗigon ya zauna a kan tsini kawai, ya dunƙule har kusurwar da ke tsakaninsa da ganyen ta haura digiri 150. Daga nan aka samo fentin bango Lotusan, mai korar ruwa da ƙura kamar ganyen, a 1999.

Kuɗin jirgin ƙasa zuwa Dresden ya ƙona mini rai. Wanda ya sayi tikiti tun da wuri ya ci riba, na ranar tafiya kuwa sai haƙuri. Ga mutane shiru, kowa da littafinsa, ba mai ce maka ci kanka.

Dresden ce ta biya ni. A garin ne cibiyar Fraunhofer IWS ta yi aiki da kamfanin Airbus wajen sassaƙa fatar fiffiken jirgin sama da hasken lesa, a yi mata ƙananan ƙuraje irin na ganyen, don ƙanƙara ta daina kamawa. Wata injiniya ta karɓe ni a ɗakin bincikensu hannu bibbiyu, ta bar aikinta ta zagaya da ni. Ta ce faifan ƙarfe idan ya fito daga lesa shan ruwa yake yi, sai ya yi kwanaki yana ɗaukar maiƙon da ke cikin iska sannan ya koma korar ruwan. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai.

Sannan ta fito da galiyum, ƙarfen da ke narkewa a digiri 29.8, wato zafin tafin hannu ya ishe shi. Da ya sha iska sai ya yi wata 'yar fata siririya, ita ce ke manne wa komai, har gilashi, ta bar baƙin sawu. Ta ɗiga shi a kan gilashi mai santsi, ya lafe. Ta ɗiga a kan wanda lesa ta kaushe, ya mirgine tsaf, don fatar ba ta samu wurin kamawa ba. Masu ƙera wayoyin lantarki masu lanƙwasuwa abin da suke nema ke nan.

Na tambaye ta ƙarko. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta goga takardar yashi a gefen faifan, ta zuba ruwa, ya jiƙe. Ta ce nan gizo ke saƙar, ƙurajen ba sa jure gurza. Gaskiyarta ta fi burge ni a kan na'urorin.

Leipzig na bi ta cikinta kawai, ruwan sama ake yi. A filin jirgi wani jami'i ya zaro 'yar kwalbar galiyum da injiniyar ta ba ni tsaraba, ya daka mini tsawa gaban jama'a, ya karɓe. Doka tana bayansa, galiyum yana cin alminiyum, jikin jirgi kuma da shi ake yi. Amma da ya faɗa da lalama ma zan miƙa masa.