Yadda sha'awa ta ɗauke min bayan haihuwa

Bayan haihuwata ta biyu sha'awa ta ɗauke min ɗif, ba wai bana son maigidan ba, wallahi ina sonshi, amma dare na yi naji motsinshi sai gabana ya faɗi, ni dai barci kawai nake so. Shi kuma ya ɗauka raini ne, har gaisuwar safe ta koma ciki-ciki.

Yayata ta kawo min gumba da tsumi, wata ƙawata ta haɗa ni da mai kayan mata a WhatsApp, kuɗi suka tafi ba abinda ya canza, sai ma ƙaiƙayi da wani na matsi ya jawo min. Ƙaiƙayin ne ya kaini asibiti, kuma likitar Allah ya saka mata bata tsaya kansa kaɗai ba. Kina shayarwa? Eh. Tsarin iyali fa? Allurar wata uku-uku. Tace shayarwa na ɗaga sinadarin prolactin mai kawo ruwan nono ta sauke estrogen, wato sinadarin mata mai sa gaba danshi, shi yasa gaba ke bushewa kwanciya ta zama azaba, kuma abinda ke yi maki zafi ai jiki ba zai neme shi ba. Allurar ma tana rage wa wasu mata sha'awa. Ta tambaya ko ina shan maganin damuwa irin fluoxetine don shima yana yin haka, nace a'a. Aka auna jini aka ga yayi ƙasa, suga kuwa lafiya lau. Tace in abu ya kai wata 6 kuma yana damun mace to lalura ce, ba shagwaɓa ba.

Aka bani maganin ƙarin jini da man K-Y na shafawa a gaba don santsi, na bar allurar na koma robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda babu sinadari irin na allurar a cikinta.

Mai wuyar ita ce magana da Baban yara, mu da kunya ta yi mana katutu, sai da na tsara a saƙon waya na tura mishi muna ɗaki ɗaya. Ya karanta yayi shiru, can yace "ai da kin faɗa min tun farko." Daga nan ya fara karɓar yarinyar bayan isha'i in samu in runtsa, ya kuma daina gaggawa, gaskiya wannan ya fi min gumba aiki. Abin bai dawo lokaci guda ba, kaɗan-kaɗan ne, sai bayan yaye naji na koma daidai.