Yadda muka hau Jabal Nur har cikin Kogon Hira

Yawancin masu zuwa Umara daga cikin bas suke ganin Jabal Nur, direba ya tsaya a gindin dutsen ya nuna musu da hannu, ai hoto a wuce. Mu kam muka ce sai mun ga kogon da idonmu, ni da wani dattijo ɗan Gusau da muke ɗaki ɗaya a masauki. Tun cikin dare muka tari tasi daga kusa da Harami, direban ma ashe takari ne, Hausa a bakinsa tsaf, ya kalli dattijon nan yace Baba anya kuwa? Baba yace yaro ni a gindin dutsen Kwatarkwashi na girma, ja mota muje.

Dutsen yana arewa maso gabas da Ka'aba, ba nisa a mota, tsayinsa kusan mita 640. A ƙasansa yanzu Saudiyya sun gina wani katafaren wuri mai gidan tarihi da shaguna da banɗakuna, to duk uzurin da zaka yi ka yi shi a nan. Akwai alluna da suke sanar da mutane cewa hawan baya cikin ayyukan Hajji ko Umara, kuma gaskiya ne, ba wanda ya ɗora maka.

Farkon hawan shi yafi cin rai, hanya ce mai gangare sosai tun kafin ka kai ga matakala, nan ne zaka ji numfashinka ya fara fita da ƙara. Matakalar kuma ba ɗaya suke ba, wata gajera wata sai ka ɗaga ƙafa har gwiwa, ga lanƙwasa kamar ba zata ƙare ba, duk sanda ka ɗaga kai kace an zo sai kaga fitilun wayoyin mutane can sama suna tafiya. In Dala ka taɓa hawa kake jin kai gwani ne to ka aje wannan a gefe. A hanya akwai 'yan rumfuna masu saida ruwa da shayi da lemo, kuɗin kuma yana hawa tare da kai. Abun da yafi bani mamaki tsofaffin matan Turkiyya da Indonesiya da Pakistan, wasu da sanda, suna tafe suna salati ba hutawa, mu masu jini a jika muna zaune kan dutse muna haki. Baba kuwa tafiyarsa ɗaya, ba sauri ba tsayawa, in ya iso ni sai yace Alhaji ƙarami tashi mana.

Da gari ya fara wayewa birrai suka fito, kuma wallahi basu da kunya, leda in dai a hannu take sun ɗauka tasu ce, a gabana ɗaya ya fizge ta wata mata ya haye da ita.

Shi kogon ba a kan ƙololuwar yake ba. Sai ka kai can sama, sannan ka sake gangarawa ta ɗaya ɓangaren, ka matse ta wani tsukukun lungu tsakanin duwatsu wanda mai tumbi sai ya karkace ya riƙe numfashi, ga masu shiga ga masu fita duk ta nan. Kogon kansa ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai kai mita 4 ba, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi, manyan duwatsu ne suka jingina da juna suka bar fili a tsakiya. Nan Manzon Allah (SAW) yake keɓewa yana ibada darare, in guzurinsa ya ƙare ya sauka wajen Nana Khadija ya ƙaro ya dawo, har Mala'ika Jibrilu ya zo masa da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ cikin Ramadan, wajen shekara ta 610 miladiyya, yana da shekara 40. Lokacin babu matakala, babu ƙarfen dafawa, babu mai shayi a hanya. Ni wannan ne ya tsaya min a rai fiye da kogon ma, da na kalli inda muka biyo.

Turereniyar bakin kogon ce kawai bata min daɗi ba, kowa so yake ya shiga yai sallah, wasu na shafa dutse, wasu sun bi sun rubuce jikinsa da fenti da sunayensu. Leƙawa nai na fito na basu wuri. Daga sama Makka gaba ɗaya tana ƙasanka, ga dogon benen agogo can ya nuna maka inda Harami yake.

Saukowa tafi hawa wahalar da gwiwa, ga rana ta fara dukan ƙeya, silifas ɗin da wasu suka sako sai zamewa yake. Da muka iso ƙasa direbanmu yace ko gobe ya kaimu Jabal Saur inda Annabi da Sayyidina Abubakar suka ɓuya lokacin hijira, wai shi yafi wannan tsawo. Baba yace a shirye yake. Ni nace su bari sai cinyoyina sun daina rawa tukunna.